Kiwon Bull Terrier: Kare Mai Kan Ƙwai da Taurin Kai

Wanda ya taɓa ganin Bull Terrier sau ɗaya ba ya sake rikita shi da wani kare, domin kansa ke tona shi. Sauran karnuka suna da 'yar lotsawa tsakanin goshi da hanci, daidai inda idanu suke. Shi babu. Daga tsakar ka layin fuskar ke gangarowa a lanƙwashe har kan hanci, ba kwari ba tudu, in ka dube shi ta gaba sai ka ga siffar ƙwai. Idanun 'yan mitsi-mitsi ne, baƙaƙe, masu kusurwa uku, a karkace, sun shige can ciki, kuma a cikin karnukan da ƙungiyoyin kiwo suka yi wa rajista shi aka sani da irin wannan ido. Wasu in sun gan shi sai su ce wannan muni har ina. Wasu kuma daga ranar ba su da sauran sukuni sai sun mallaki nasu. Da waɗannan na biyun nake magana, kuma abin da nake so su riƙe shi ne fuskar da ta ja su ita ce mafi sauƙi a cikin abin da za su zauna da shi shekara 10 zuwa 13.

Daga ramin caca zuwa falo

Asalinsa Ingila. A farkon ƙarni na 19 Turawan can suna da wani mugun wasa na ɗaure bijimi a turke a sakar masa karnuka, jama'a na kallo suna caca. Majalisar dokoki ta haramta wannan a 1835, sai 'yan cacar suka koma wuraren da ido ba ya kai wa, suna haɗa karnuka faɗa da juna ko gasar kashe ɓeraye a cikin rami. Don wannan aiki suka riƙa haɗa bulldog, mai ƙarfin muƙamuƙi da naci, da terrier, mai zafin nama. Abin da ya fito kare ne na faɗa, ba a damu da kyansa ba.

Wani dillalin karnuka a Birmingham, James Hinks, shi ya juya akalar abin. Ya ɗauki waɗannan karnuka ya haɗa su da farin terrier na Ingila, irin da yanzu ya ƙare a duniya, ya fitar da fari fat mai tsawon fuska da ƙafafu miƙaƙƙu, wanda mai kuɗi zai iya ja a titi ba tare da jin kunya ba. A 1862 ya nuna shi a wani baje kolin karnuka a Landan, kuma samarin masu hali suka yi caa a kansa. An kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Ingila a 1887. Amma karen Hinks ba shi da kan ƙwai. Wannan siffa a hankali masu kiwo suka gina ta, kuma karen da ake lissafawa na farko da ya zo da ita sosai shi ne Lord Gladiator, a 1917. Kunnuwan ma da yanke su ake yi su tsaya. Da aka hana yankan a Ingila a 1895, sai aka shiga zaɓen masu kunnen da ke tsayawa da kansa. Masu launi kuwa sun samu ne a farkon ƙarni na 20, da aka sake haɗa fararen da karnukan Staffordshire.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, don gado biyu ne ke cikin karen. Ta wajen mutane an daɗe ana zaɓen mai son jama'a da wasa. Ta wajen sauran dabbobi kuwa jinin ramin bai gama fita ba.

Yadda ake gane na ainihi

Babba yakan kai santimita 45 zuwa 55 a kafaɗa, nauyi kuma daga wajen kilo 22 zuwa sama da 30. Ƙa'idar masu kiwo ta Ingila ba ta yanka masa iyakar tsawo ko nauyi ba, abin da take nema kawai jiki ya cika ya murɗe daidai da girmansa. Ƙirji faffaɗa, haƙarƙari a zagaye, baya gajere, wutsiya gajera mai kauri a gindi wadda yake ɗauke da ita a miƙe. Gashin gajere ne, a kwance, da ɗan kaushi in ka shafa. Fari ana yarda ya zo da tabo a ka, amma ba a jiki ba. Mai launi kuwa launin ne zai rinjayi farin: akwai ja, akwai ruwan ƙasa mai haske, akwai mai launi uku, amma wanda alƙalan baje koli suka fi so shi ne mai ratsi-ratsin baƙi da ruwan ƙasa. Akwai kuma ƙaramin iri, wanda bai kamata ya wuce santimita 35.5 ba, siffa da hali duk ɗaya ne, girma kawai ya raba su.

Kada dillali ya haɗa maka shi da Staffordshire Bull Terrier ko American Pit Bull Terrier. Kakanninsu ɗaya, amma waɗancan kansu faffaɗa ne, da kumatu, da lotsawa a goshi. A ɗan kwikwiyo bambancin ba ya fita sosai, kuma kunnuwansa a kwance suke, sai ya yi 'yan watanni suke miƙewa. Shi ya sa ganin uwar da idonka ya fi duk wata takarda da za a miƙo maka.

Kafin ka biya kuɗi

A nan ne ya kamata mai saye ya ɓata lokaci, domin wannan iri yana ɗauke da cututtukan gado da ba a ganinsu a fuskar ɗan kwikwiyo mai wata biyu.

Na farko kurumta. Binciken da George Strain na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya yi ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na fararen suna da matsalar ji, akasari a kunne ɗaya, alhali a masu launi abin bai kai biyu cikin ɗari ba. Dalilin yana tattare da farin kansa: ƙwayoyin da ke ba fata launi suna da aiki a can cikin kunne, in babu su sai sashen da ke ɗaukar sauti ya lalace a makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba ya gyaruwa. Tafi a bayan ɗan kwikwiyo ba gwaji ba ne. Mai ji da kunne ɗaya zai waiwayo, kurma ma yakan waiwayo don ya ji motsin iska ko ya ga 'yan uwansa sun juya. Gwajin da ake dogara da shi ana kiransa BAER, na'ura ce da ke auna yadda ƙwaƙwalwa ke amsa sauti a kowane kunne dabam, kuma ana iya yin sa tun daga wajen mako biyar zuwa shida. Mai kunne ɗaya yana rayuwa lafiya lau a gida, sai dai ba a sa shi haihuwa. Kurma gaba ɗaya ma ana iya horar da shi da alamun hannu. A garin Juneau na Alaska an yi wata karya kurma ta wannan iri, Patsy Ann, wadda ta shahara da zuwa bakin ruwa tarbar jirage, har magajin gari ya ba ta muƙamin mai tarbar baƙi a 1934, yau ma mutum-mutuminta na nan a tashar. Amma labari mai daɗi dabam, zama da karen da ba ya jin kira ko ƙahon mota dabam, kuma ba aikin sabon shiga ba ne.

Na biyu ƙoda, wadda a ganina ta fi kurumta haɗari don a ɓoye take cin kare. Iri biyu ne: akwai lalacewar matatar ƙoda ta gado, akwai kuma wadda ƙulle-ƙullen ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar. Dukansu ya isa a ce ɗaya daga cikin iyaye na da ita ta sauka a kan 'ya'ya. Ta farko da fitsari ake gano ta, gwajin da ke auna yawan furotin da ke zuba, kuma ƙungiyoyin masu kiwon wannan iri suna son sakamakon ya kasance ƙasa da 0.3. Ta biyun da hoton ciki ake ganinta. Ka nemi sakamakon uwa da na uba, na kwanan nan, ba na shekara uku baya ba.

Sai zuciya, inda aka fi samun matsalar ƙofofin jini. Likita ya saurari ƙirjin iyayen da na ɗan. Sai ƙoƙon gwiwa mai gocewa. Akwai kuma wata cuta da ta keɓanta da wannan iri, wadda ake taƙaita sunanta da LAD: ɗan kwikwiyo ya ƙi girma, yatsun ƙafa su baje, gyambo ya fito a ƙafa da fuska, kuma da wuya ya wuce shekara biyu. Yanzu akwai gwajin ƙwayar halitta da ke nuna ko iyaye na ɗauke da ita. Ƙaramin irin kuma yana da tasa matsalar ta gocewar madubin ido, ita ma da gwajinta. Daga ƙarshe ka buɗe bakin ɗan ka duba. Saboda lanƙwasar fuskar, fiƙoƙin ƙasa sukan karkata ciki su riƙa sukar dasashin sama, abin da kan kai ga cire haƙori.

Mai kiwon kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, shi ma zai yi maka nasa: wa ke gida da rana, akwai yara, akwai wani kare. Wanda ya ce a haɗu a bakin titi ya miƙo maka ɗan a kwali, ka riƙe kuɗinka. Kada a raba ɗan da uwarsa kafin mako takwas. A Ingila ma tun 2020 doka ta hana dillali sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata shi ko a karɓa daga gidan ceton dabbobi.

Halinsa

Ƙiriniya ce a gaba. Yana cikin kwanciya sai ya zabura ya kama gudu a zagaye, ƙugu a ƙasa, ya bangaji kujera ya dako bango ya dawo, bayan minti ɗaya ya zube kamar ba shi ba. Ba hauka ba ne, haka suke, ka dai janye ƙananan yara da tsofaffi daga hanya don kilo 30 a guje ba wasa ba ne. Wasu kuma suna da wata ɗabi'a ta shiga ƙarƙashin labule ko reshe mai lilo su riƙa tafiya a hankali ƙwarai, ganyen na shafar bayansu, ido a kafe. Wannan ba ya cutarwa, a ƙyale shi.

Wanda ba a ƙyalewa shi ne bin wutsiya. Da yawa mutane kan yi dariya har su ɗauki bidiyo, amma a wannan iri abin yakan zama larura, kare ya yi ta juyi sa'o'i, ya bar ci ya bar barci, ya ciji wutsiyar har jini. Masana a Jami'ar Tufts ta Amurka, Alice Moon-Fanelli da Nicholas Dodman, sun yi nazari a kan haka, kuma akwai hannun gado a ciki. Kullewa a ƙunci da rashin abin yi suna tayar da shi. In ɗan kwikwiyo ya fara, ka katse shi da kira ko wani wasa, kada ka yi masa dariya ko tafi, kada kuma ka taɓa yi masa wasan bin hasken tocila a ƙasa. In abin ya ƙi tsayawa, sai likitan dabbobi, akwai magungunan da ke taimakawa.

Babban abin da ke karya masu shi kuwa kaɗaici ne. Bull Terrier na mutane ne, inda kake nan yake so ya kasance, in da hali a jikinka. Ka kulle shi daga safe zuwa dare, za ka dawo ka tarar ya cinye ƙofa. A gidajen Hausawa da yawa kare na waje ne, na gadi ko farauta ko rakiyar dabbobi, kuma saboda addini da al'ada ba ya shiga ɗaki. Tsari ne mai kyau ga karen da aka yi don shi, amma Bull Terrier ba don shi aka yi shi ba. In ba zai shiga ɗaki ba, to aƙalla ya sami tsakar gida mai inuwa inda mutane ke zama yana cikinsu. Ɗaure shi da sarƙa a bayan gida yana mayar da shi mai cizo ko mai juyi. Ga gadi ma ba shi ne gwani ba: ba ya yawan haushi, kuma da yawansu baƙo abokin wasa ne a wurinsu. Mai neman mai tsaron gida, karen gida na gargajiya ya fi masa, ga jure zafi ga arha.

Da yara yana da haƙuri da son wasa, amma ba a barin su su kaɗai. Da sauran karnuka kuwa kada ka yarda da abin da ka gani yana ƙarami. Sau da yawa sai ya kai shekara ɗaya zuwa uku rashin jituwar ke fitowa, musamman namiji da namiji. Ba lallai shi ya tsokana ba, amma in an fara ba ya ja da baya. Zancen da ake yi cewa muƙamuƙinsa na kullewa ba gaskiya ba ne, naci ne kawai, sai dai ga wanda aka kama bambancin kaɗan ne. Kyanwa, kaji, zomo da 'yan awaki duk abin bi ne a idonsa. Ko gidan sarautar Ingila bai tsira ba: a 2002 karyar Gimbiya Anne, mai suna Dotty, ta ciji yara biyu a dajin shaƙatawa na Windsor, kotu ta ci gimbiyar tarar fam 500. An saki karyar daga igiya ne a wurin da jama'a ke yawo.

Horo

A littafin Stanley Coren na 1994 kan basirar karnuka, Bull Terrier ya zo na 66, can ƙasa. Biyayya jerin yake aunawa, kuma a nan kam ba a zalunce shi ba. Yana gane abin da kake so sarai, yana dai duba ko akwai riba. Saboda haka duka ba ya aiki a kansa. Jikinsa na jure zafi, abin da bugu ke koya masa kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Abin da ke aiki shi ne lada: guntun dafaffen nama ko hanta, a ba shi nan take da ya yi daidai. Darasi ya zama minti biyar, sau biyu ko uku a rana, a tsaya tun bai gaji ba. Kowa a gidan ya bi doka ɗaya, don in mutum guda ya bar shi ya hau kujera, to an gama.

Kalmomi huɗu sun isa farawa: zo, zauna, bari, saki. Na ƙarshen ya fi duka muhimmanci. Ka ba shi abin wasa ya kama, ka kawo nama kusa da hancinsa, da ya buɗe baki ka ce "saki", ka ba shi naman, sannan ka mayar masa da abin wasan. Mayarwar ita ce sirrin, don ya gane sakin ba asara ba ne. Kada ka bi shi da gudu in ya ɗauki abu, haɗiyewa zai yi.

Watanni uku zuwa huɗu na farko su ne lokacin sabo. Ya ga mutane iri-iri, mai rawani da mai hijabi da mai sanda, ya ji ƙarar babur da janareta, ya haɗu da manyan karnuka masu natsuwa waɗanda aka yi wa allura. Tun yana ƙarami a saba masa da taɓa kunne, ƙafa da baki, da zama shi kaɗai na minti kaɗan ana ƙarawa a hankali, da sa takunkumi irin mai raga wanda zai iya haki a ciki. A waje kullum da igiya. Katanga ta zama wadda ba ya iya tsallakewa ko haƙa ƙarƙashinta. Babba na bukatar kamar awa guda na motsa jiki a rana. Ƙarami kuma a hana shi yawan tsalle daga tudu har gaɓoɓinsa su yi ƙwari.

Ci, fata da zafi

Sau biyu a rana ya ishi babba, a auna, don saurin ƙiba gare shi. In ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, abincin ya yi yawa. Albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi da zabibi duk guba ne ga kare, haka ma goro, don haka ragowar miya da tsire ba nasa ba ne. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Sannan wannan iri ya yi suna wajen haɗiye abin da ba abinci ba: safa, silifas, leda, dutse, totuwar masara, ƙwallon mangwaro. In ya kama amai, ya ƙi abinci, ba ya kashi, kada a jira gobe, toshewar hanji tiyata take bukata. Abin wasansa ya zama roba mai tauri wadda ta fi ƙarfin maƙogwaronsa.

Gashin ba ya cin lokaci, buroshi sau ɗaya a mako ya wadatar. Fatar ce mai rigima, musamman a farare: ƙaiƙayi, lasar ƙafa har ta yi ja, ƙuraje daga cizon ƙuma ko sauro. Ga su da son kwanciya a rana ciki a sama, alhali hanci, gefen kunne da ciki ba su da kariya, kuma ƙunar rana in ta yi ta maimaituwa tana iya zama kansar fata. Wanda zai riƙe shi a Abuja, Kano ko Yamai ya san cewa karen ƙasar sanyi ya ɗauko. Yawo sai da sassafe ko bayan magariba, inuwa da ruwan sha kullum, kuma ba a barinsa cikin mota a rufe ko na minti biyar. In ya kama haki mai tsanani, yawu na dalala, yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi a sa shi a iska a nufi asibiti. Kaska ma a ƙasashenmu ba ƙaiƙayi kaɗai take kawowa ba, tana ɗauke da cututtukan jini masu kisa, don haka maganinta ba a fashi.

Allurar rigakafi ta farko ana yin ta a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. A ajiye katin.

Mai niyyar tafiya da shi wata ƙasa ya bincika doka tukuna. A Birtaniya ba ya cikin karnukan da dokar 1991 ta haramta, amma Jamus ta hana shigo da shi tun 2001, a Ayilan kuma dole a bainar jama'a ya kasance da takunkumi da gajeriyar igiya a hannun wanda ya haura shekara 16.

Ko da iyayensa sun ci gwaji, a riƙa kai fitsarinsa asibiti sau ɗaya a shekara, likita ya kuma saurari zuciyar. In ka ga ya fara shan ruwa fiye da yadda ya saba, yana yawan fitsari, yana ramewa alhali abincin bai canza ba, kada ka ɗora wa zafin gari. A duba ƙoda a makon nan, domin in an gano da wuri, sauya abinci da magani na iya ƙara masa lokaci mai tsawo.